Giram 125 a rana: yadda Leningrad ta yi fama da yunwa cikin ƙawanyar kwana 872

Asalin lamarin, kafin Satumba 1941

Leningrad, wadda yau ake kira St. Petersburg, ita ce birni na biyu a Tarayyar Sobiyet bayan Mosko. A farkon 1941 mutanenta sun kai miliyan uku, kuma a cikinta ne manyan masana'antu irin su Kirov mai ƙera tankokin yaƙi suke. Sai dai birni ne da ba ya noma abin da yake ci. Ƙasar da ke kewaye da shi fadama ce da daji, lokacin noma gajere, don haka hatsi daga kudu da gabas yake zuwa a jirgin ƙasa, ana saukewa ana ci.

Wanda ya dubi taswira zai ga birnin zaune a wani siririn wuyan ƙasa. Ta yamma mashigin tekun Finlan, ta gabas Tafkin Ladoga wanda ya fi kowane tafki girma a Turai, ta arewa kuwa iyakar Finlan, wadda kafin 1940 ba ta wuce kilomita 30 da 'yan kai daga birnin ba. Wannan kusanci ne ya sa Stalin ya auka wa Finlan a Nuwamba 1939, ya ƙwace mata yankin Kareliya da garin Vyborg a Maris 1940 domin ya ture iyakar baya. Iyaka ta matsa, amma ya sayi abokin gaba. Da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet hari ranar 22 ga Yuni 1941, kwanaki kaɗan suka wuce Finlan ta shigo yaƙin don karɓo ƙasarta.

Hukumar birnin tana hannun Andrei Zhdanov, shugaban jam'iyyar Kwaminis na yankin. Ranar 18 ga Yuli aka fara rabon abinci da kati, ma'aikacin masana'anta giram 800 na burodi a rana, wanda ba ya aiki giram 400. Wannan rabo ya wadatar, kuma har ƙarshen Agusta akwai kantuna da gidajen abinci da ke sayarwa ba tare da kati ba ga mai kuɗi. An fara kwashe yara tun ƙarshen Yuni, amma da yawansu an kai su ƙauyukan kudu da birnin ne, wato ta inda sojojin Jamus suke tahowa. Ranar 18 ga Yuli jiragen sama suka yi wa jirgin ƙasan yara ruwan bama-bamai a tashar Lychkovo. Iyaye mata suka bazama neman 'ya'yansu, aka dawo da yara fiye da 170,000 cikin birnin. Daga nan mutane suka ƙi yarda da maganar fita, hukuma kuma ba ta matsa ba, don a lokacin neman barin gari yana iya zama alamar tsoro ko rashin biyayya. Ana cikin haka 'yan gudun hijira daga ƙasashen Baltik da ƙauyukan kewaye suna ta kwarara ciki.

Satumba 1941: an rufe ƙofa, an ƙirga abin da ke sito

Ranar 30 ga Agusta Jamusawa suka kama tashar Mga, layin dogo na ƙarshe ya yanke. Ranar 8 ga Satumba suka kama Shlisselburg a bakin Ladoga. Sojojin Finlan sun riga sun tsaya a kan tsohuwar iyakarsu ta arewa. Mutum wajen miliyan biyu da rabi, cikinsu yara kusan 400,000, suka rage a ciki, ban da na unguwannin bayan gari da sojojin da ke tsaron birnin.

A yammacin ranar ne aka jefa bama-bamai masu tayar da gobara a sitocin Badayev, gine-ginen katako da aka jera kusa da juna. Fulawa kimanin tan 3,000 da sukari kimanin tan 2,500 suka kama da wuta. Mutanen birnin sun daɗe suna cewa daga wannan gobara yunwar ta fara, domin kowa ya ga hayaƙin da idonsa. Alƙaluma sun nuna fulawar da ta ƙone abincin 'yan kwanaki ce kawai. Abin da ya biyo baya ya fi gobarar ban tausayi: cikin hunturu mutane suka riƙa haƙar ƙasar wurin da narkakken sukari ya jiƙa, suna tafasawa suna sha, har ana sayar da ita a kasuwa.

Mosko ta aiko Dmitry Pavlov ya kula da abinci. Ranar 12 ga Satumba aka gama ƙirgar duk abin da ke sito na soja da na farar hula. Hatsi da fulawa na kwana 35, tsaki da taliya na kwana 30, nama na kwana 33, mai na kwana 45, sukari na kwana 60.

A ɓangaren Jamus kuwa an riga an yanke shawara. Bayan Janar Georgy Zhukov ya karɓi tsaron birnin a tsakiyar Satumba ya tsayar da su a tuddan Pulkovo, Hitila ya janye yawancin tankokinsa zuwa fagen Mosko. Wata takardar umarni ta 29 ga Satumba ta bayyana cewa za a shafe birnin daga doron ƙasa, kuma ko an nemi miƙa wuya ba za a karɓa ba, saboda Jamus ba ta da niyyar ciyar da mutanensa. Don haka ƙofar da aka saba bar wa garin da aka yi wa ƙawanya, wato a sallama a ci abinci, a rufe take tun farko.

Satumba zuwa Nuwamba: abin da aka gwada

Abu na farko shi ne fasa ƙawanyar da ƙarfin soja. A kusa da Shlisselburg abin da Jamusawa suka riƙe bai fi faɗin kilomita 12 zuwa 16 ba, sai aka ɗauka tura ɗaya za ta wadatar. An kai hari ta Sinyavino a Satumba, aka sake a Oktoba, duka biyu ba su kai ko'ina ba. An ƙetare kogin Neva aka kama wani ɗan fili a gaɓar gabas, inda dubban sojoji suka ƙare ba tare da filin ya faɗaɗa ba. Illar wannan fata ba a fagen daga kaɗai ta tsaya ba. Muddin shugabanni suna ganin mako mai zuwa za a buɗe hanya, ba wanda ya zauna ya tsara yadda za a ciyar da birnin wata shida.

Na biyu shi ne ruwa. Ladoga tafki ne mai mugun hali a watannin Satumba da Oktoba, kuma gaɓar yamma da ke hannun birnin ba ta da tashar jiragen ruwa. A Osinovets aka yi ta gaggawa. Buhun fulawa yakan sauka daga jirgin ƙasa a kusa da Volkhov, a ɗora shi a jirgin kogi zuwa Novaya Ladoga, a juye shi a jirgin tafki, a sauke a Osinovets, a sake ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa cikin gari. Kowane juyi yana cin lokaci, jiragen saman Jamus kuma suna shawagi a sama. Ranar 17 ga Satumba guguwa ta nutsar da wani jirgin dako da ke ɗauke da mutane, fiye da dubu suka mutu. Zuwa tsakiyar Nuwamba ruwa ya fara daskarewa, jirage suka tsaya, abin da aka shigo da shi a wata biyu bai kai abincin wata ɗaya ba.

Na uku shi ne jirgin sama, wanda ya kawo nama da mai da madarar gari. Ɗan abin da yake iya ɗauka ya taimaki asibitoci da yara, amma ba a ciyar da miliyoyi da shi.

Na huɗu, wanda shi ne ya rage a hannun Pavlov, shi ne ragewa da gaurayawa. An kwashe hatsin kamfanonin giya, an karɓe abincin dawakan soja, an share ƙurar fulawa daga bangon injinan niƙa, an kakkaɓe tsofaffin buhuna. An tsamo hatsi daga jiragen da suka nutse aka shanya. An sami tunkuzar gurya da aka tanada don hura wutar jiragen ruwa, masana suka gano zafin gashi yana kashe dafin da ke cikinta, ita ma ta shiga burodi. Daga baya har sinadarin da ake samu daga katako aka sarrafa aka zuba, abin da ke cika ciki amma ba ya ba jiki komai. A tsakiyar Oktoba aka sake rajistar kowane kati don toshe na jabu da na waɗanda suka bar gari.

Ranar 8 ga Nuwamba Jamusawa suka kama Tikhvin, garin da layin dogon da ke kawo kaya bakin tafkin yake ratsawa. Nufinsu su haɗu da sojojin Finlan a kogin Svir su yi zobe na biyu. A nan siyasar ƙasa da ƙasa ta taɓa lamarin. Marshal Mannerheim na Finlan ya ƙi kai hari kan birnin kansa, bai kuma tura rundunarsa ta tarye su a Tikhvin ba. Sojojinsa sun gaji, Amurka da Ingila kuma suna matsa wa gwamnatinsa lamba, har Ingila ta ayyana yaƙi a kan Finlan ranar 6 ga Disamba. Duk da haka kada a wanke Finlan fes: sojojinta ne suka toshe arewa daga farko har ƙarshe.

20 ga Nuwamba 1941

An rage rabon burodi sau biyar. Na ma'aikaci ya sauko daga 800 zuwa 600 ranar 2 ga Satumba, sannan 500, sannan 400 ranar 1 ga Oktoba, 300 ranar 13 ga Nuwamba, 250 ranar 20 ga Nuwamba. Ma'aikacin ofis, da tsoho, da matar gida, da yaro, kowa giram 125. Kusan nauyin sabulun wanka guda ke nan, kuma burodi ne baƙi, mai danshi, wanda kaso mai yawa nasa ba fulawa ba ce. Nama da mai da sukari suna rubuce a kati, amma sau da yawa ba su isowa kanti.

Kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin ne ke da katin ma'aikaci. Tsarin yana da wani rami da ya ci rayuka da yawa: yaro yana cika shekara 12 sai a mayar da shi rukunin masu zaman gida, daidai lokacin da jikinsa ya fi bukatar abinci. Ɗaliban makarantun koyon sana'a da aka kawo daga ƙauyuka, waɗanda ba su da dangi a gari, suna cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Maza sun riga mata mutuwa. Wanda katinsa ya ɓace ko aka fizge masa a layi, sai dai wani ikon Allah, domin samun sabo ya zama abu mai wuyar gaske. Iyalai suka riƙa ɓoye gawar mamacinsu har ƙarshen wata don su ci gaba da karɓar burodinsa.

An ci karnuka da kyanwoyi da tattabaru. An dafa gam ɗin kafinta, an kankare manne daga bayan takardar bango, an tafasa ɗamarar fata. A Disamba mutum fiye da 50,000 suka mutu.

Hanyar kan ƙanƙara, Nuwamba zuwa Disamba

Ga mai karatun da bai taɓa ganin tafki ya daskare ba, abin da ake nufi shi ne saman ruwan yana zama dutse mai kauri, ruwa yana nan a ƙasa. Kaurin santimita 10 yana ɗaukar doki marar kaya, motar da ke ɗauke da tan ɗaya tana bukatar kimanin 20. Ranar 17 ga Nuwamba 'yan leƙe suka taka da ƙafa suna auna kauri suna kafa alamu. Ranar 20 aka tura dawakai ɗari uku da hamsin masu jan amalanke marar taya. Ranar 22 motoci 60 suka bi, washegari suka dawo da fulawa tan 33. Birnin a lokacin yana cin tan 510 a rana, a kan wancan rabo na giram 125.

Tsawon hanyar kan tafkin kimanin kilomita 30 ne, daga gaɓar yamma zuwa ƙauyen Kobona. A makon farko abin da ya ƙetaro bai fi tan 800 ba, motoci kusan 40 suka nutse ko suka maƙale. Yawancinsu ƙananan akori-kura ne samfurin GAZ masu ɗaukar tan ɗaya da rabi, kuma da farko buhu kaɗan ake ɗora musu. Direbobi suna tuƙi da ƙofa a buɗe don su samu dira idan gaba ta fara nutsewa.

Wani abu ya ɗaure wa kowa kai: motoci marasa nauyi suna faɗawa a inda masu nauyi suka wuce lafiya. Masanin kimiyya Pavel Kobeko da abokan aikinsa suka ƙera na'urar auna lanƙwasar ƙanƙara, suka gano mota tana tura igiyar ruwa a ƙarƙashinta, idan gudunta ya yi daidai da gudun igiyar, wajen kilomita 35 a awa, sai ƙanƙarar ta tsage. Aka ƙayyade gudu, aka sa tazara tsakanin motoci, aka hana wuce juna.

Amma ƙetare tafkin rabin matsalar ne. Tun da Tikhvin ta faɗi, kaya ba su da hanyar isowa gaɓar gabas. Aka tara sojoji da manoma suka sare hanya ta cikin daji da fadama daga tashar Zaborye, fiye da kilomita 300. Aka buɗe ta ranar 6 ga Disamba. Ta yi ƙunci har motoci biyu ba sa iya gilma wa juna a wurare da dama, kuma mota takan yini ba ta ci kilomita 40 ba. Kwana uku da buɗe ta, ranar 9 ga Disamba, rundunar Janar Kirill Meretskov ta ƙwato Tikhvin. Da aka gyara gadoji, jirgin ƙasa ya dawo kusa da tafkin a farkon Janairu.

Ranar 25 ga Disamba Zhdanov ya ƙara rabo, ma'aikaci 350, sauran 200. Caca ce, don babu ajiyar da za ta tsaya wa ƙarin. Ranar 1 ga Janairu 1942 fulawar da ta rage a birnin ba ta kai tan dubu ba.

Janairu da Fabrairu 1942

Waɗannan watanni biyu su ne ƙasan ramin. Sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, wani lokaci ya zarce. Taragon lantarki ya tsaya, wutar gidaje ta ɗauke, mutane suka ƙona kujeru da littattafai a ƙananan murahun ƙarfe. Wajen 25 ga Janairu famfunan birnin suka tsaya saboda rashin lantarki, gidajen burodi suka rasa ruwan kwaɓi, sai matasa suka yi layi daga ramukan da aka fasa a kogin Neva suna miƙa bokiti hannu da hannu. An yi kwanaki burodi bai isa kantuna da yawa ba. Mutum kusan 100,000 ke mutuwa a wata, a Janairu, a Fabrairu, har Maris. Ana jan gawa a kan abin wasan yara na zamiya a ƙanƙara, a naɗe da zanen gado, ana haƙa manyan ramuka da nakiya a maƙabartar Piskaryovka. Zuwa ƙarshen 1942 an kama mutum kimanin 2,000 da laifin cin naman mutum, akasarinsu marasa aikin yi da 'yan gudun hijirar da ba su da kati.

A cibiyar binciken tsirrai da Nikolai Vavilov ya gina, ma'aikata da dama sun mutu da yunwa a tsakiyar tarin irin shinkafa da alkama da dankali da aka ba su amana, ba su taɓa ba. A hedikwatar jam'iyya ta Smolny kuwa ba a rasa nama a ɗakin cin abinci ba. Duka biyun a birni ɗaya aka yi su, a wata ɗaya.

Abin mamaki shi ne a daidai wannan lokaci kaya sun fara ƙetarowa da yawa. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba tan 16,000 da 'yan kai ne, a Janairu kusan tan 53,000. Sai cikas ya koma gaɓar yamma. Tsohon layin dogo ɗaya ne tak daga bakin tafki zuwa cikin gari, kimanin kilomita 50, kawunan jirage ba gawayi, ba ruwa, ma'aikatan kansu yunwa ta kayar da su. Buhuna suka taru a bakin tafki, mutane suna mutuwa a tafiyar awa biyu daga wurin. Sai da aka sa wa ma'aikatan layin rabo na musamman, aka sare itace don kawunan jirage, aka ƙara wuraren sauke kaya, sannan abin ya motsa. A gabas kuma aka shimfiɗa reshen dogo har bakin ruwa a Kobona cikin Fabrairu, tafiyar mota ta ragu zuwa faɗin tafkin kawai. Direbobi suka fara yin sawu biyu, uku a rana. A kan ƙanƙarar an kafa tantunan ɗumi, wuraren gyaran mota, masu ba da hannu da fitila, da bindigogin harbo jirgi.

Ranar 24 ga Janairu rabo ya koma 400 ga ma'aikaci, 300 ga ma'aikacin ofis, 250 ga masu zaman gida da yara. Ranar 11 ga Fabrairu, 500, 400, 300. Kayan da suka ƙetaro a Fabrairu tan 86,000, a Maris tan 118,000. Mutuwa dai ba ta sauka nan da nan ba, domin jikin da tamowa ta riga ta cinye ba ya farfaɗowa da ƙarin giram ɗari. An buɗe wuraren jinya inda ake kwantar da mutum mako biyu ko uku ana ba shi abinci mai ɗumi, ɗaya daga ciki a otal ɗin Astoria, amma gurabensu kaɗan ne, kuma ƙwararrun ma'aikata aka fi ba.

Fitar da mutane, 22 ga Janairu zuwa Afrilu

Motocin da ke kawo fulawa suna komawa gabas kusan wayam tun Nuwamba. Sai ranar 22 ga Janairu kwamitin tsaron ƙasa a Mosko ya ba da umarnin kwashe mutum 500,000, aka ɗora wa Alexei Kosygin aikin. Mata, yara, tsofaffi, ɗalibai, naƙasassu. Tafiyar kanta ta kashe mutane: jirgin ƙasa marar ɗumi zuwa bakin tafki, bayan buɗaɗɗiyar mota cikin iskar ƙanƙara, sannan kwanaki a tarago zuwa Vologda ko Yaroslavl ko can Sibiriya. Wasu sun mutu a gaɓar gabas saboda sun cinye abincin kwana uku a zama ɗaya, hanjinsu ya kasa ɗauka. Duk da haka, zuwa tsakiyar Afrilu an fitar da fiye da rabin miliyan.

Motocin ƙarshe sun ratsa cikin ruwa har gindin ƙofa a mako na uku na Afrilu. Jimillar abin da hanyar ta kawo a wannan hunturu tan 361,000, wanda kimanin 262,000 abinci ne.

Maris zuwa Disamba 1942: shirin hunturu na biyu

Tsoron da ya biyo baya shi ne annoba, don in ƙanƙara ta narke za ta tone gawarwaki da ƙazantar wata huɗu. Daga 27 ga Maris zuwa tsakiyar Afrilu aka fito da duk mai iya riƙe shebur, kimanin mutum 300,000, yawancinsu mata, suka share gari. An sami zawo da taifot nan da can, amma babbar annoba ba ta ɓarke ba. Ranar 15 ga Afrilu taragon lantarki ya dawo. Ciwon dasashi na rashin bitamin C an yaƙe shi da jiƙon ganyen itacen fir da dangoginsa, ana rabawa a masana'antu da makarantu. Aka raba iri, aka nome duk wani fili, har kabeji aka shuka a dandalin cocin St. Isaac.

A tafkin an gina tashoshi na gaske a gaɓoɓi biyu, aka ƙera sababbin jiragen dako. A Yuni aka shimfiɗa bututun mai a ƙarƙashin ruwa, a Satumba aka ja wayar lantarki daga madatsar Volkhov. Jamus da Italiya sun kawo ƙananan jiragen yaƙi tafkin, suka kai hari tsibirin Sukho ranar 22 ga Oktoba, aka kore su. An ci gaba da kwashe mutane ta ruwa, fiye da 400,000. Zuwa farkon 1943 mazauna birnin sun koma kimanin 600,000, kusan kowa da aikin yi, da ajiyar abinci ta makonni a sito.

Soja kuwa ya sake gwadawa sau biyu. Harin Lyuban da aka fara a Janairu ya ƙare da halakar runduna guda a fadama, aka kama kwamandanta Andrei Vlasov a Yuli. Harin Sinyavino na Agusta bai fasa zoben ba, amma ya cinye sojojin da kwamandan Jamus Manstein ya zo da su don auka wa birnin, shirin nasa ya rushe.

Janairu 1943 zuwa Janairu 1944

Ranar 12 ga Janairu 1943 rundunar Leonid Govorov daga ciki da ta Meretskov daga waje suka kai hari lokaci ɗaya, bayan an yi makonni ana horar da sojoji yadda za su ƙetare daskararren kogi a guje. Ranar 18 suka haɗu. Zirin da aka buɗe faɗinsa kilomita 8 zuwa 11. Cikin ƙasa da mako uku aka shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 33 da gada a kan Neva, jirgin farko ya shigo ranar 7 ga Fabrairu. Manyan bindigogin Jamus a tuddan Sinyavino suna hangen layin, don haka da dare ake wucewa, jirage a jere ɗaya bayan ɗaya. Kafin Fabrairu ya ƙare rabon burodin Leningrad ya yi daidai da na sauran manyan biranen ƙasar.

Harsasan manyan bindigogi sun ci gaba da faɗowa shekara guda. Ranar 14 ga Janairu 1944 aka fara babban hari, ranar 27 aka sanar da cewa ƙawanya ta ƙare, bindigogi 324 suka yi harbin murna. Kwana 872 ke nan. A shari'ar Nuremberg gwamnatin Sobiyet ta gabatar da mutum 632,000 da 'yan kai a matsayin waɗanda yunwa ta kashe. Daga baya masana tarihi sun kai adadin farar hular da suka mutu 800,000 ko fiye, in an haɗa da waɗanda suka mutu a hanyar fita. Waɗanda bama-bamai da harsasai suka kashe ba su kai 20,000 ba.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Alhakin yunwar yana wuyan waɗanda suka rufe birnin da niyyar kada a ci, wannan ba abin jayayya ba ne. Tambayar ita ce me ya sa aka yi asarar da ta kai haka, kuma me ya tsayar da ita.

A ganina hanyar ƙanƙara ta cancanci sunan da aka ba ta daga baya, hanyar rai, amma yadda ake ba da labarinta yana ɓoye abu biyu. Na farko, a wata ɗaya da rabi na farkonta ba ta kawo ko abincin yini a yini ba. Jarumtar direbobi tana nan tun ranar farko, abin da babu shi ne dogo a bayansu da dogo a gabansu. Ta fara ciyar da birni ne bayan an ƙwato Tikhvin, an kai reshe Kobona, an gyara layin yamma. Cikin dukan abin da soja ya yi a 1941, ƙwato wannan ƙaramin gari ya fi hare-haren fasa zobe amfani nesa ba kusa ba, don da Tikhvin ta zauna a hannun Jamus, hanyar daji ta Zaborye ba za ta riƙe birnin ba.

Na biyu ya fi ɗaci. Ƙarin rabon Janairu da Fabrairu bai samu daga yawan buhuna kaɗai ba, ya samu ne kuma don bakunan da ke ci sun ragu, wasu ta mota, wasu ta kabari. Hunturun 1942 zuwa 1943 ya wuce ba yunwa irin ta farko, alhali zoben yana nan har tsakiyar Janairu, saboda tafki ɗaya da ya kasa ciyar da miliyan biyu da rabi yana iya ciyar da dubu ɗari shida. Wannan lissafi ba ya bukatar masani. Jiragen ƙasa suna fita har ƙarshen Agusta 1941, kuma a lokacin injinan masana'antu aka fi ba muhimmanci. Motoci suna komawa wayam daga ƙarshen Nuwamba, aka ɗauki wata biyu kafin a ba da umarnin cika su da mutane. A nan nake ganin kuskure mafi tsada na hukumar birnin da ta Mosko, ya fi gobarar Badayev da ake yawan ambata.

Tsarin kati ya hana wawaso, ya sa masana'antu da sojoji suka tsaya da ƙafafunsu. Shi ne kuma ya zaɓi wanda zai mutu: tsoho, ɗan shekara goma sha uku, baƙon da ba shi da rajista.

Bayan yaƙi kotun Amurka da ta yi wa manyan hafsoshin Jamus shari'a a 1948 ta ɗaure von Leeb, kwamandan da ya rufe birnin, kan wasu laifuffuka, amma ta ce kashe gari da yunwa a ƙawanya bai saɓa wa dokar yaƙi ta lokacin ba. Sai a 1977 aka rubuta haramcinsa a ƙarin yarjejeniyar Geneva. A cikin gida kuma Stalin bai so birnin ya yi tinƙaho da wahalarsa ba. A 1949 aka rufe wa jama'a gidan tarihin ƙawanyar, a 1950 aka harbe Alexei Kuznetsov da Pyotr Popkov, biyu daga cikin mutanen da suka tafiyar da birnin a wancan hunturu, bisa tuhumar da aka soke bayan mutuwar Stalin.